Tsakanin Kansas, Mizuri da Hindawiyya

Birnin Kansas, 16 ga Fabrairu

Zuwa ga Babana, Malam Maman Lawali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Inna da duk mutanen Hindawiyya. Yaya kunnen? Inna ta ce mini a waya likita ya canza maka na'urar ji, amma ka jefa ta a aljihu, wai tana maka ƙugi kamar injin ɗaga kaya na tashar jiragen ruwa. Baba, don Allah ka daure ka riƙa sawa. Ina jin daɗin rubuta maka, amma ina marmarin ranar da zan kira ka mu yi hira ba sai na ɗaga murya ba.

Ni lafiyata ƙalau, alhamdulillahi, sai sanyi. Saƙon ya iso hannuna: dabino, yajin Inna da turaren wuta. Na gode, Allah ya ƙara buɗi. Karatun ruwa kuma yana tafiya, malamina ya yaba da gwajin da na yi kan tace gishiri.

Akwai wata 'yar matsala da ta sha mini kai, kuma kai ne gwanin takardu a gidanmu. Ka san birnin nan rabinsa yana jihar Kansas, rabinsa yana jihar Mizuri, titi ɗaya ne ya raba su. Bara daga Janairu zuwa Yuli na zauna a ɓangaren Kansas saboda arahar haya, a watan Agusta na dawo kusa da jami'a, a Mizuri. Aikin da nake taya malamina a ɗakin gwaji a Mizuri yake, aikin koyo da na yi lokacin hutu kuma a Kansas. To a nan kowace jiha tana da harajinta a kan abin da mutum ya samu, ban da na gwamnatin tarayya. Na san za ka yi dariya, kai da ba a taɓa yanke maka haraji a albashi ba.

Takardun duka biyu suna tambaya ko ni mazauniyar jihar ce. Da farko na ce eh a duka, don na ɗauka irin kalmar muƙim ce ta wajenmu, wato baƙon da aka yarje wa zama. Wata abokiyar karatuna ta ce ba haka ba ne, in na yi haka kowace za ta ɗauke ni tata. Ta ce dole in zaɓi wuri ɗaya in ce shi ne gidana na dindindin. Na yi tunani, na ga Mizuri zan rubuta, tunda nan nake yanzu, kuma nan rayuwata take.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce ta rage hawa bene da gwiwar nan.

'Yarka,
Zakiya


Hindawiyya, Jidda, 21 ga Fabrairu

Zakiya ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Mun ga takardarki, mun gode Allah da kike lafiya. Mu ma lafiya lau. Gwiwar Innarki da sauƙi tun da ta fara shafa man da aka ba ta. Na'urar kunne ina sa ta a wurin aiki, a gida kuma ba ni da abin da nake son ji da ƙarfi haka.

Na karanta takardarki sau uku. Na ukun a bayyane na karanta, Innarki tana saurare. Da na zo wurin da kika ce Mizuri za ki rubuta gidanki na dindindin, tunda nan rayuwarki take, sai ta tashi ta shiga kicin, ta bar shayinta ya huce.

Ba zan yi miki faɗa ba. Ke babba ce, da ƙoƙarinki kika samu tallafin karatun nan, ba da nawa ba. Amma bari in gaya miki abin da ke raina. Na sauka Jidda daga Maraɗi ina da shekara goma sha tara. Yau shekarata talatin da takwas ina bin takardun kayan mutane a tashar jiragen ruwa. A nan na yi aure, a nan aka haife ki, a nan na binne kawuna da ya kawo ni. Duk tsawon shekarun nan ba a taɓa miƙo mini wata takarda aka ce in rubuta Jidda gidana na dindindin ba. Shekara-shekara nake zaune, daga wannan iƙama, wato takardar izinin zama, zuwa waccan, daga sa hannun kafili mai tsaya mini zuwa wani sa hannun. Ke shekara biyu kacal, an ba ki alƙalami an ce ki zaɓa. Na fahimci abin da zai ja hankalin mutum a ciki.

Ga abin da nake son sani. Iƙamarki da ta Innarki za su ƙare bayan ƙaramar Salla, tare da bizarki ta fita da dawowa. Kin san ofishin Hamad a Aziziyya, shi yake yi mini waɗannan abubuwa tun da suka koma cikin waya. Zan je wurinsa cikin azumi. Ki gaya mini tsakani da Allah: in sabunta taki, ko in bari?

Allah ya yi miki albarka.

Babanki


Birnin Kansas, 23 ga Fabrairu

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Na ji daɗin jin gwiwar ta yi sauƙi. Ni ma lafiya, sai ɗan mura da ya kama ni kwana biyu, ya sake ni.

Na ga tambayarka. Na daɗe ina kallonta kafin in ɗauki biro. Na san kuɗin da kake biya wa hukuma a kan iƙamata kowane wata ba kaɗan ba ne, ga shi ba ma a gidan nake kwana ba. Tun bara nake jin nauyin abin, kunya ce ta hana ni ɗauko maganar. Tunda kai ka fara, to ba komai, Baba. Ka bari. Kada ka wahalar da kanka saboda ni. Ka yi mini abin da ba kowane uba yake yi ba, kuma ba zan taɓa mantawa ba.

Jarrabawa ta matso, in ka ji ni shiru kwana biyu ita ce.

'Yarka,
Zakiya


Hindawiyya, 2 ga Maris

Zakiya,

Wa alaikumus salam. Barka da shigowar wata mai alfarma, Allah ya karɓi ibadarmu. Muna lafiya. Na ji amsarki. Halas, na gane. Allah ya sa hakan shi ne alheri, ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Babanki


Birnin Kansas, 19 ga Maris

Babana,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa. Ina fatan kuna lafiya, azumin bai ba ka wahala a wurin aiki ba. Ni lafiyata lau, jarrabawa ta wuce. Baba, don girman Allah ka karanta wannan har ƙarshe kafin ka je ko'ina, kuma in ka riga ka je wurin Hamad, ka koma.

Kwana goma sha bakwai ke nan da zuwan takardarka ban rubuto ba. Ba jarrabawa kaɗai ba ce. Takardar nan taka ta tsaya mini a rai. Inna kuma in na kira ta, daga "kin ci abinci?" sai "to, sai anjima". Na ɗauka kun gaji da ɗawainiyata ne, kuna jin nauyin faɗa.

Jiya na je wurin masu taimaka wa ɗalibai cike takardun haraji kyauta a jami'a. Aka haɗa ni da wata dattijuwa mai suna Sauda, akanta ce da ta yi ritaya, iyayenta mutanen Zanzibar ne. Ta duba abin da na cike, ta ɗora yatsa a kan layin, ta ce, "Wa ya ce ki rubuta wannan?"

Na ce abokiyata.

Ta ce, "In kin gama karatu ina za ki?"

Na ce gida.

"Ina ne gida?"

Na ce Jidda. Ban ma yi tunani ba, bakina ne ya faɗa.

Ta ce, "To me ya kawo Mizuri nan? 'Yata, abu biyu kika haɗa. Akwai inda mutum ya kwana ya tashi cikin shekara, wannan ƙirga kwanaki ake yi a duba ɗakin da ya kama haya, kuma kowace jiha da yadda take ƙirga nata. Akwai kuma gidan da mutum yake da niyyar komawa, wannan ba ya canzawa don kin zo karatu. Kin manta abin da kika gaya wa ma'aikatan ofishin jakadanci ranar da kika nemi biza? Cewa kika yi kina da gida, za ki koma. Kada ki sa hannu yau a kan abin da zai ƙaryata ki."

Baba, ni duk tsammanina tambayar tsakanin titin nan da wancan ce, wato tsakanin ɗakina na bara da na bana. Ko a mafarki ban haɗa ta da Hindawiyya ba.

Sauda ta ce yana da kyau in ajiye shaidar gidana na Jidda ko da za a tambaya: hoton iƙama mai rai da takardar hayar gida. Na ce mata iƙamar ta kusa ƙarewa, kuma na ce wa Babana ya bari. Ta cire tabarau ta kalle ni, ta ce, "Kira gida."

Na kira Inna daga bakin ƙofa. Da na ambaci iƙama sai ta fashe da kuka. Ta ce ka hana ta yi mini maganar, ka ce kada wanda ya roƙe ni in dawo, kada a ɗaure mini ƙafa da hawaye. Ta ce tun farkon azumi dabino uku da ruwa kake buɗe baki da su, shurba da sambusa sai dai ta ba maƙwabta. Ta ce, "Babanki cewa yake kin zama 'yar can, kin sa hannu."

Ban sa hannu a komai ba, Baba. Na ɗauko takardata ta farko na sake karantawa da idonka, na ga abin da ka gani. Ni na rubuta "nan rayuwata take", ina nufin nan littattafaina da tukunyata suke. Kai ma da ka tambaye ni ko ka bari, na ɗauka kuɗin ne ya yi maka yawa. Kowannenmu yana ƙoƙarin sauke wa ɗan'uwansa kaya, ashe ƙara masa muke yi.

Ka yafe mini. Ka sabunta, in lokaci bai ƙure ba. Ba don takardar Sauda ba, don ina so in sauka Jidda a watan Yuni in hau benen nan namu mai hawa uku ina haki.

'Yarka mai neman gafara,
Zakiya


Hindawiyya, 22 ga Maris

Zakiya ɗiyata,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Barkanmu da shan ruwa. Muna lafiya, yau kam lafiya ta gaske. Jiya na sha shurba kwano biyu, Innarki tana zaune tana kallona kamar mai gadin fursuna.

Babu abin da zan yafe miki. Ni ne mai shekara talatin da takwas a aikin takarda, ni ne nake gaya wa sababbin ma'aikata kada su yanke hukunci a kan layi ɗaya sai sun tambayi mai kaya. Ga shi a kan ɗiyata na kasa yin haka.

Bari in ba ki labarin yadda aka yi, don ki san wa za ki gode wa. Ba ni ba ne.

Rana ta biyar ga azumi na je Aziziyya wurin Hamad. Na ce masa ya sabunta ta Innarki Salamatou kaɗai, ta Zakiya a bar ta, ya kuma duba mini yadda ake cire suna. Ya danna na'urarsa, ya danna, ya ce, "Ya Ammi, yau abin ba ya buɗewa, ka dawo jibi." Na dawo jibi, ya ce har yanzu. Na koma bayan mako, ya ce wai ana gyara. Alhali ina zaune ina ganin wani Bachade ya shigo bayana, an gama masa nasa ya fita. Na yi fushi, na ce zan kai aikina wani ofishi. Ya ce, "Yalla, ka kai, amma ka ba ni zuwa Alhamis."

Ranar Alhamis da safe takardarki ta shigo wayata ina bakin ƙofar tashar jiragen ruwa. Na karanta a tsaye, manyan motoci suna ta yi mini oda ban ji ba. Na nemi izini, na tari taksi zuwa Aziziyya. Ina shiga na ce, "Hamad, kada ka taɓa sunan nan."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ka je ka tambayi Hajiya."

Ashe tun kafin zuwana na farko Innarki ta riga ni. Da gwiwar nan tata ta sauko bene, ta hau mota ita kaɗai har Aziziyya, ta zauna a gaban Hamad ta ce masa, "Malam zai zo da wata magana. Ka ce masa na'ura ta lalace. Zunubin ƙaryar a kaina. Ni na haifi yarinyar nan, ban yarda ta ce abin da yake cewa ta ce ba." Hamad ya ce a rayuwarsa bai taɓa yin ƙarya da azumi a bakinsa har sau uku ba sai a kaina, kuma wai ni zan ciyar a madadinsa.

Da na dawo gida na tambaye ta me ya sa ba ta gaya mini ra'ayinta ba. Ta ce ta gaya mini sau uku, na juya mata kunnen da ba ya ji. Ban musa ba.

An sabunta, taki da tata, da bizar dawowa. Ga hotunan nan na haɗo, da takardar haya, duka shafuka huɗu. Ki kai wa baiwar Allah Sauda, ki ce wani tsoho a Jidda yana sa ta a addu'a lokacin buɗe baki. Tambaya uku ta yi miki, ta gano abin da ni ban tsaya na tambaya ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba, kuma shi ya sa maganarki ta same ni a inda ta same ni. Saura shekara uku in cika sittin. Mai kamfani mutumin kirki ne, amma ya fara yi mini hannunka mai sanda, kuma kunnen nan ba ya taimakona. Ranar da aiki ya ƙare, iƙama ta ƙare, tawa da taku. Shekara huɗu ke nan ina gina ɗan gida a Maraɗi a filin da na gada, ƙanena yana duba mini. An kai linta. Innarki ta sani, ke ce muka ɓoye wa don kada ya raba miki hankali. Da na karanta takardarki ta farko sai na ce a raina: yarinyar nan ta hango abin da ke tafe, ta nemi ƙasa mai ƙarfi ta taka, kuma da wane baki zan ce mata ta dawo gidan da ni kaina haya nake? Shi ya sa ban roƙe ki ba. Yanzu kin ji duka. Kina da haƙƙin ki san cewa gidan da za ki rubuta musu, shi ma na ɗan lokaci ne.

Allah ya yi miki albarka, ya kawo mana ke lafiya.

Babanki,
Maman Lawali


Birnin Kansas, 12 ga Afrilu

Babana,

Assalamu alaikum. Barka da Salla, ko da ta wuce. Ina fatan kuna lafiya. Na ga hoton da Inna ta turo, ka yi kyau cikin farar riga, har kumatu sun fara dawowa. Ni ma lafiya lau, sanyi ya tafi, itatuwa sun fara fure.

Takardun haraji sun tafi jiya, saura kwana huɗu wa'adi ya cika. Mun zauna da Sauda da kalanda da takardun haya biyu, muka bi shekarar wata-wata. Ta tsara yadda kowace jiha za ta karɓi abin da ya hau kaina a wajenta, ba tare da an ɗora mini abu ɗaya sau biyu ba. A layin gida kuma na rubuta Hindawiyya, Jidda. Na kai mata rabin dabinon da ya rage, na isar da saƙonka. Ta ce tun rasuwar mahaifinta ba ta ji wani ya ce yana mata addu'a lokacin buɗe baki ba. Ta ce a gaishe ka, a gaishe da Inna musamman. Da na ba ta labarin Hamad sai da ta share hawayen dariya.

Inna kam na kira ta ina ta zuba mata godiya. Ta ce in bar surutu, in taho mata da man zafi mai kyau.

Maganar Maraɗi na kwana biyu ina juya ta. Ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka, don ban san wani gari ba sai Jidda, kuma sau ɗaya tak na taɓa zuwa Maraɗi, ina 'yar shekara shida, abin da na tuna kawai rijiyar gidan kakata da wani rago da ya bi ni. Amma na gode da ka gaya mini. Na fi son in ɗauki abin tare da ku da a ɗauke mini shi a ɓoye. Shekara uku kuma ba yau ba ce. Zan gama karatu baɗi in sha Allahu, kuma aikin ruwa ana nemansa a Jidda, ana nemansa a Nijar. Ba ni da tabbacin komai, amma in na samu aiki a can gida Jidda, wa ya sani, wataƙila wata rana ni zan je wurin Hamad da sunayenku.

Na yanki tikiti, zan sauka ranar sha huɗu ga Yuni da la'asar. Kafin nan ka sa Baffa ya ɗauko hoton ginin ta kowane gefe, ka turo mini da zanen filin. Ina so in ga inda aka haƙa masai da inda za a haƙa rijiya, don in sun yi kusa da juna gara a gyara tun yanzu. Kuma kada a yi rufi sai na gani. Ɗaki nawa ne, Baba? In uku ne, ina son wanda tagarsa take kallon tsakar gida. In biyu ne, a ƙara bulo.

'Yarka,
Zakiya